Me ya sa sai an zo Kano a hau jirgin Umara, kuma yaya filin jirgin yake daga ciki?

Wani ɗan uwa daga Dutse ya turo tambaya, ya ce mahaifiyarsa za ta tafi Umara, ajent ya ce musu daga Kano jirgi zai tashi, shi kuma abin ya ɗaure masa kai tunda ga filin jirgi nan a Dutse mai kyau har ana ce masa na ƙasa da ƙasa, me ya hana a ɗebe su daga gida? Sannan Hajiya ba ta taɓa hawa jirgi ba ga ta da ciwon gwiwa, yana so a faɗa masa yadda filin jirgin Malam Aminu Kano yake, ta ina ake shiga ta ina ake fita.

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya ya kai ta lafiya ya dawo da ita lafiya. Ni aikina ba a cikin tamina, wato ginin fasinjoji, yake ba, can bayan gini nake wajen da jirage ke tsayawa, don haka daga can zan faro maka bayanin, domin amsar tambayarka ta farko a can take.

Mutane suna auna filin jirgi da ginin da suke gani, tayil, gilas, na'urar sanyaya ɗaki, kujeru. To tamina zaure ce kawai, gidan yana ciki. Kamfanin jirgi idan zai yanke shawarar zai sauka a gari ko ba zai sauka ba, abin da yake fara tambaya shi ne tsawon titin jirgi da ƙarfinsa, akwai fitilun dare ko babu, akwai na'urar da ke jagorantar jirgi ya sauka cikin hazo, 'yan kwana-kwana matakinsu nawa, akwai mai, akwai masu sauke kaya da matakala, an kewaye filin da katanga ko shanu suna ratsawa. Sai an gama da waɗannan ake zuwa maganar kujeru.

A Kano titi biyu ne. Babban shi ne 06/24, tsawonsa wajen mita 3,300, shi jiragen fasinja suke amfani da shi. Ƙaramin 05/23 bai kai mita 2,500 ba, sojan sama da ke da sansani a gefen kudu su suka fi amfani da shi. Lambobin nan ba suna ba ne aka raɗa haka kawai, alƙibla ce, 06 yana nufin jirgi ya fuskanci digiri 60 a kamfas wato arewa maso gabas, idan ya juyo ta ɗaya bakin kuma 24, digiri 240, kudu maso yamma. Jirgi kullum iska yake so ya fuskanta wajen tashi da wajen sauka, shi ya sa lokacin hunturu da iska ke kaɗowa daga arewa maso gabas za ka ga an fi amfani da 06, da damina kuma iska ta juya sai a koma 24. Mutanen Kurna da Gwammaja da kewayensu ko ba su san lambar ba sun san wani lokaci ƙarar masu sauka ce a kansu wani lokaci ta masu tashi.

Tsawon nan ba ado ba ne musamman a ƙasarmu mai zafi. Idan rana ta take a watan Afrilu ko Mayu iska ba ta da kauri, fukafukai ba sa samun abin riƙewa da wuri, inji ma ƙarfinsa yana raguwa, sai jirgi ya buƙaci gudu mai tsawo kafin ya ɗaga, ga Kano kuma tana kan tudu kusan mita 480 sama da teku, wannan ma ƙari ne. Duk wanda ya yi wayo a Kano a 2002 yana tuna ranar 4 ga Mayu, da jirgin EAS ya faɗa kan gidaje a Gwammaja jim kaɗan bayan tashi, sama da mutum 100 suka rasu har da ministan wasanni na lokacin Ishaya Mark Aku. Ranar ana gyaran babban titin ne, ta ƙaramin ya tashi da tsakar rana, ya cinye titin bai ɗaga ba ya shiga ƙasa, injinansa suka shaƙi ƙura. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Shi ya sa idan ka ji an ce an rage kaya ko an jinkirta tashi sai rana ta yi sanyi, ba wulaƙanci ba ne lissafi ne.

Sai maganar hazo, wadda ita ce ciwon kan duk filayen jirgin arewa daga Disamba zuwa Fabrairu. Ƙurar nan mafi yawanta daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi da ake kira Bodele, wajen Faya, iska ta kwaso ta ta juye mana. Ma'aikatan NiMet, hukumar hasashen yanayi, suna da ofis a cikin filin, suna auna nisan da ido ke iya hangowa suna aika wa hasumiya da matuƙa a kai a kai. Idan filin yana da na'urar ILS, wato wadda ke harba sigina daga bakin titi tana nuna wa jirgi tsakiyar titi da kuma gangaren da zai bi, matuƙi zai iya biyo ta bai ga ƙasa ba har ya sauko kamar ƙafa 200, a nan dole ya ga fitilun titi, in bai gani ba sai ya taka wuta ya koma sama. Wannan matakin farko kenan, yana buƙatar a iya hangen mita 800, ko 550 idan a kan titin aka auna. Akwai mataki na biyu da na uku da ke sauko da jirgi ƙasa da haka, amma ba sayen na'ura kawai ba ne, sai jirgin kansa yana da kayan, matuƙin yana da horon, wutar lantarki ba ta ƙiftawa, kuma ana zuwa da jirgi na musamman lokaci lokaci a gwada siginar ko tana daidai. Filin da ba shi da wannan kuwa matuƙi yana buƙatar ya hango nesa sosai, shi ya sa rana ɗaya hazo ɗaya za ka ji an sauka a Kano amma an soke na wani garin maƙwabci.

Fitilu ma haka. Gefen titin jirgi farare ne, bakin da ake sauka kore, ƙarshensa ja, hanyoyin da jirgi ke bi ya tafi wajen tsayawa kuma shuɗi ne a gefe. Akwai wasu guda huɗu a jere a gefen titi da matuƙi ke kallo yana saukowa, idan ya ga biyu fari biyu ja yana daidai, fari ya yi yawa ya yi sama da yawa, ja ya yi yawa ya yi ƙasa. Filin da ba shi da fitilu ko yana da su amma ba janareton da za a dogara da shi, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta yake aiki shikenan, kuma wannan shi ne sirrin da yawa daga cikin soke jiragen yamma da ake yi a ƙananan filaye, jirgi ya makara a Legas da safe, makarar ta bi shi duk yini, kafin ya zo kan naku magariba ta kusa, kamfani ya ce sai gobe.

'Yan kwana-kwana fa? Fasinja ba ya ko tuna su amma idan motarsu ta lalace ana iya hana babban jirgi sauka. Matakai ne daga 1 zuwa 10 gwargwadon tsawon jirgi da faɗinsa, irin Boeing 737 da ake zirga-zirgar cikin gida da shi yana son 6 ko 7, manyan da ke zuwa Jidda irin 747 da 777 da A330 suna kaiwa 9, kowane mataki da yawan motoci da ruwa da kumfar da dole a tanada. Ƙa'ida kuma ita ce kada su wuce minti 3 ba su isa ko'ina a kan titin ba, shi ya sa ake gina tasharsu inda suke hango titin kuma kullum a shirye suke ko jirgi ɗaya ne zai sauka a yini. Katanga ma kada ka raina ta, a 2005 jirgin Air France ya yi karo da shanu a kan titin Fatakwal wajen sauka. Tsuntsaye kuma sun fi shanu yawan ɓarna, bola ko mayanka kusa da filin jirgi masifa ce saboda shirwa da ungulu, ciyawa ma idan ta yi tsawo da damina sai an yi ta yanka, akwai ma'aikatan da aikinsu kenan korar tsuntsu.

To yanzu Dutse. Titinku ba shi ne matsalar ba, ai ka gani da idonka ana jigilar alhazai daga nan da manyan jirage tun da aka gina shi zamanin Sule Lamido. Amma Hajji aiki ne na 'yan makonni, hukumar alhazai ta ƙasa NAHCON da hukumar alhazai ta jiha sun riga sun tara mutanen, jirgi shata ne a cike zai tashi, sai a turo jami'an shige da fice da kwastan da NDLEA da na lafiya, a ƙaro kayan sauke kaya, a tabbatar 'yan kwana-kwana sun kai matakin, ana gamawa kowa ya koma inda ya fito. Jirgin Umara na yau da kullum kuwa kamfani ne ke sayar da kujera ɗaya ɗaya, yana buƙatar ya cika zuwa ya cika dawowa duk mako duk shekara, da 'yan kasuwa da masu zuwa asibiti da ɗalibai da kaya a cikinsa, sannan duk waɗancan jami'ai da kayan aiki su kasance a wurin dindindin. Manyan filayen da gwamnatin tarayya ta daɗe da tsayarwa a kan haka su ne Legas, Abuja, Kano, Fatakwal da Enugu. Ni a ganina yawancin filayen da jihohi suka gina sun fi ƙarfin fasinjan da ke garuruwan, ga kuɗin riƙe su kullum yana tafiya ko jirgi ya zo ko bai zo ba, amma ba zan ce ba su da amfani ba, a 2017 da aka rufe titin Abuja na mako 6 don gyara filin Kaduna aka koma amfani da shi. Sai dai garin da tafiyarsa zuwa Kano ba ta wuce awa 2 a mota ba, da wuya kamfanin waje ya raba jirginsa gida biyu saboda shi.

Ita Kano kuma ba yau ta fara ba, tun 1925 jiragen sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka a nan, 1936 aka fara jigila sosai, kuma zamanin da jirage ba sa iya tsallake Sahara su wuce kudancin Afirka da mai ɗaya nan suke yada zango su sha mai, kamfanin KLM na Holland ya daɗe yana zuwa har 2012. Har yanzu sararin samaniyar Najeriya a taswirar matuƙa da sunan Kano aka san shi, jirgin da ya taso daga Turai zai wuce Johannesburg ta kanmu da ma'aikatan NAMA na Kano, masu kula da zirga-zirgar jirage a sama, yake magana ko da ba zai sauka ba.

Mu shigo zauren. Idan kun biyo hanyar filin jirgi za ku fara tarar da get inda ake biyan kuɗin shiga da mota, ka karɓi rasit. Daga nan ka lura sosai, ginin jiragen cikin gida daban, na ƙasashen waje daban, na wajen shi ne sabon da kamfanin CCECC na China ya gina, irinsa aka yi a Abuja da Legas da Fatakwal. Kada ka bari direba ya sauke ku a na cikin gida ka zo kana jan akwati da tsohuwa a rana. Sansanin alhazai kuma wani wuri ne daban, mai Umara da tikitin kamfani ba ruwansa da shi sai dai in ajent ya ce a can za a haɗu. Ku iso aƙalla awa 3 kafin lokacin da ke kan tikiti, lokacin azumi ma ku ƙara, saboda layin jirgin Jidda ba irin na Abuja ba ne.

A bakin ƙofa ake fara saka kaya a na'ura, kuma galibi nan ne iyakar ɗan rakiya, mai tikiti da fasfo ne ke wucewa. Don haka duk abin da za ka faɗa wa Hajiya ka faɗa a mota, kuma tun kafin ranar ka sa ajent ya rubuta a tikitinta cewa tana buƙatar keken guragu, ba sai kun zo ba. Idan an rubuta, ma'aikacin kamfanin da ke hidimar jirgin a ƙasa, irin su NAHCO ko SAHCO, shi zai tura ta tun daga kantar auna kaya har ƙofar jirgi, kuma saƙon yana tafiya har can Saudiyya a tarye ta da wani keken. Ba a biyan kuɗi a kan wannan. Tsofaffinmu suna jin kunya su ce ai zan iya takawa, ka lallashe ta, tafiyar Kano kaɗan ce, ta filin Jidda ce ke karya gwiwa.

Ciki kuma jeri ne ba ya canzawa. Akwai teburin jami'an da ke duba kaya, kwastan da NDLEA da masu kula da tsirrai da nama, sai kanta inda za a auna akwati a karɓa a ba ta bodin fas, wato takardar shiga jirgi, sai jami'an lafiya da katin rigakafi mai ruwan ɗorawa, sai shige da fice su buga fasfo, sai binciken ƙarshe na jiki da jakar hannu, sannan ɗakin jira. A wajen kanta za a liƙa wata 'yar takarda mai lamba a bayan bodin fas ko fasfo, ƙarama ce kamar ba komai amma ita ce shaidar akwatinta, ka ce mata ko a mafarki kada ta ɓare ta. Maganinta na hawan jini ko suga a jakar hannu zai zauna cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita, kada ya shiga babban akwati. Fawa bank ma jakar hannu, ba a yarda ya shiga cikin kaya ba saboda batirinsa yana iya kamawa da wuta. Ruwa ko turare ko man shafawa da ya wuce mililita 100 kuma akasin haka, babban akwati, in ba haka ba a wajen binciken ƙarshe za a karɓe, ina ganin yadda mata ke rabuwa da kwalbar humra a nan suna kamar su yi kuka. Goro kada ma a fara, Saudiyya ta hana. Babban abin da ya fi duka, kada ta karɓi saƙon kowa, ko wanda ta sani ne a layi ya ce Hajiya taimaka min da wannan ledar kayana sun yi nauyi, ta ce a'a. Akwatinta ku rufe shi da kwaɗo a gida ku ɗauki hotonsa a waya, ku ɗaura masa wani ƙyalle mai launi, don baƙaƙen akwatuna iri ɗaya sun fi ɗari a jirgi guda.

A waje za ka ga masu zuwa da fara'a suna cewa kawo fasfo in taimaka maka, wanda ba shi da katin aiki rataye a wuya kada ka miƙa masa komai. Canjin riyal ma ka yi shi a gari tun da wuri, a filin jirgi ko'ina a duniya farashi ba ya yi wa fasinja daɗi.

Ɗakin jira akwai banɗaki da wurin sallah da masu sayar da abinci da ruwa, da tsada dai, kuma ta yi alwala a nan kafin a kira su don banɗakin jirgi matsattse ne. Idan Jidda za su fara sauka su wuce Makka, maganar harami ku gama ta da malaminku tun a gida, a jirgi ana sanarwa idan an kusa miƙati, in kuma Madina ce farko to da sauƙi. Sanarwar filin jirgi wani lokaci ba ta fita sosai, ta zauna kusa da ƙofar da aka rubuta a bodin fas tare da 'yan tawagarta. Sabon ginin yana da gadar da ake bi a shiga jirgi kai tsaye, amma ba kullum ake samun jirgi a jikin gada ba, wani lokaci yana tsaye can nesa sai a kwashe su a bas a hau matakala, a nan ne rubuta keken nan ke ƙara amfani, don ma'aikata sun san da ita tun kafin a fara hawa, kuma su ake fara shigarwa.

Ranar dawowa ba ƙofar da ta shiga za ta fito ba, ɓangaren masu isowa daban ne, ka tambayi masu gadi su nuna maka inda 'yan tarya ke tsayawa. Daga saukar jirgi zuwa fitowarta ka ba ta awa ɗaya ko fiye, shige da fice, jiran kaya a kan bel, sai kwastan. Zamzam galan ɗaya ne mai lita 5 wanda aka rufe a can filin jirgin Saudiyya, sau da yawa ba ya biyo bel tare da akwatuna, a gefe ake tara shi, ta tambaya. Idan akwati bai fito ba ko ya fito a fashe, kada ta bar ɗakin sai ta je teburin kamfanin an cike mata takardar ɓatan kaya da lambar 'yar takardar nan, a rubuta lambar wayarka a kai ba tata ba tunda layinta na gida mai yiwuwa bai dawo aiki ba tukunna. Idan kuma tafiyar ta faɗo cikin hunturu, kafin ka baro Dutse ka kira ajent ko ka duba a waya ka tabbatar jirgin ya taso, don idan hazo ya rufe Kano Abuja ko Legas ake karkatar da shi sai gari ya washe.